Ruwa da Reza: Aski da Aska Mai Kariya

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa ratsa unguwar Hausawa da sassafe, ko a Sabo ta Ibadan ko a Agege ta Legas, wataƙila ka ga wani mutum zaune a kan tabarma, wani kuma ya sunkuyar da kai a gabansa. Wannan mutum shi ne wanzami, wato mai sana'ar aski ta gargajiya. Jakar fatar da ke ajiye a gefensa, mai aljifai da yawa, sunanta zabira, kuma a cikinta yake zuba kayan aikinsa. Idan ka sake ganinsa, tsaya ka lura da abubuwa biyu. Kafin ya ɗora aska a kan mutum, sai ya tsoma hannu cikin ruwa, ya jiƙa gashin, ya shafa sabulu, ya daɗe yana murzawa. Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci yake yi. Bayan ya gama kuma, ba ya mayar da askar cikin zabira sai ya goge ta, ta bushe ƙayau.

Da ruwa ya fara, da korar ruwa ya ƙare. A kan waɗannan abubuwa biyu darasinmu zai tsaya, domin ruwa shi ne babban mataimakin mai aski kafin a fara, shi ne kuma babban maƙiyin reza bayan an gama. Wanda ya gane wannan zai yi aski mai daɗi, fuskarsa ta zauna lafiya, rezarsa kuma ta daɗe ba ta dakushe ba. Dakushewa ita ce kishiyar kaifi: wuƙar da ba ta yanka sosai, sai a ce ta dakushe.

Ke kuma ɗaliba, kada ki ce wannan zance na masu gemu ne kawai. Reza tana cikin kowane gida. Da ita ake fiƙe fensir, da ita tela yake farke ɗinki, da ita wasu suke yanke farce. Abin da ya shafi kaifinta da haɗarinta ya shafe ki.

Daga aska zuwa reza

Askar wanzami ƙarfe ne guda mai baki ɗaya, wanda maƙeri yake ƙerawa. Ba a jefar da ita. Idan ta dakushe sai a wasa ta a kan dutse, a kuma goga ta a jikin fata domin bakinta ya miƙe. Turawa ma irin wannan aska suka daɗe suna amfani da ita, sai dai tasu tana naɗewa cikin ƙota. Matsalarta ɗaya ce a ko'ina: tana buƙatar gwani. Wasa ta aiki ne, riƙe ta ma aiki ne, kuma ba abin da ke tsakanin bakinta da maƙogwaron mutum. Shi ya sa yawancin mutane ba sa yi wa kansu aski da ita, sai su je wurin mai sana'a.

Tun a ƙarni na 18 wani Bafaranshe mai ƙera wuƙaƙe, Jean-Jacques Perret, ya yi dabarar sanya wa aska shinge na katako domin kada ta nutse cikin fata. A shekarar 1880 kuma wasu 'yan'uwa masu suna Kampfe, a birnin New York na Amurka, suka fito da wata aska mai gajeren baki da aka ɗora a kan mariƙi kamar fartanya. Ta rage yanka, amma har yanzu bakinta mai kauri ne, dole a riƙa cire shi ana wasawa.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne King Camp Gillette, wani Ba'amurke ɗan kasuwa mai yawon tallar kaya, wanda aka haifa a 1855. Ya yi aiki a ƙarƙashin William Painter, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalba irin wanda kake gani a kan kwalbar lemo. Painter ya ba shi shawara ya nemi wani abu da mutane za su yi amfani da shi, su jefar, su dawo su sake saye. A 1895 tunanin ya zo masa: me zai hana a yi bakin aska daga siririn fallen ƙarfe mai araha, wanda in ya dakushe sai a yar, a sa wani? Masana ƙarfe da yawa suka ce ba zai yiwu ba, wai falle mai sirantaka haka ba zai taurara ya riƙe kaifi ba. Sai da aka shekara shida kafin wani injiniya, William Nickerson, ya ƙera injin da ya iya aikin. An kafa kamfanin a Boston a 1901. A shekarar 1903, da aka fara sayarwa, aska 51 da reza 168 kacal aka saya. A 1904 gwamnatin Amurka ta ba Gillette takardar shaidar mallakar ƙirƙirarsa, daga nan kasuwa ta buɗe.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara yaɗa ta. Sojojin Amurka suna buƙatar fuska marar gashi domin abin rufe fuska da ke kare su daga iska mai guba ya zauna daram, don haka aka raba musu miliyoyin irin wannan aska. Da suka koma gida sai suka koma da al'adar yi wa kai aski.

Rezar wancan zamani tana da babban aibi: ƙarfenta yana saurin yin tsatsa. Idan mutum ya bar ta da laima da safe, kafin gobe ta yi ja. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, aka kuma shafe bakinta da wani sinadari mai santsi, irin wanda ake shafe cikin kaskon suya na zamani da shi domin kada abinci ya kama. Irin wannan ce kake saye yau a shago, cikin 'yar takarda. Daga baya aka sami aska mai baki biyu a jere a 1971, sannan ta roba wadda ake jefarwa gaba ɗaya a 1975. Duk da haka tsohuwar ba ta mutu ba, domin rezarta ta fi araha nesa ba kusa ba, mariƙinta na ƙarfe kuma yana iya kai mutum shekaru masu yawa.

Yadda aka gina ta

A wannan darasi za mu kira ta aska mai kariya. Wadda aka fi sani tana da sassa uku. Akwai mariƙi, wato wurin da kake kamawa. Akwai gindi, wani ɗan faranti da reza ke kwanciya a kansa, mai shinge a gefe biyu. Akwai kuma murfi, wanda ke danne rezar daga sama. Idan ka murɗa mariƙin, sai murfi da gindi su matse rezar, su ɗan lanƙwasa ta, ya zama ɗan bakinta kaɗan ne kawai ya leƙo waje. Shingen yana riga bakin isa ga fata, ya shimfiɗa ta, ya hana rezar nutsewa. Wannan ita ce kariyar. Amma kada sunan ya ruɗe ka. Kariya ce daga mummunan rauni, ba daga sakaci ba.

Rezar kanta falle ce mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, mai baki biyu. Ƙarshen bakin kuwa, inda yankan yake faruwa, ya fi silin gashi sirantaka sau ɗaruruwa. Ido ba ya iya ganinsa. Abu mai irin wannan sirantaka ba ya jure wulaƙanci. Idan ka buɗe takardar sabuwar reza za ka ga wasu ɗigo-ɗigo masu danƙo a jikinta. Ba datti ba ne, kakin zuma ne ko makamancinsa, an sa shi ne domin ya riƙe rezar wuri ɗaya, kada bakinta ya gogi ko da takardar da aka naɗe ta a ciki. To, idan masu yin ta suna tsoron takarda, ka ga irin hattarar da ta kamace ka.

Me ke dakusar da reza?

Ga abin mamaki. Ƙarfen reza ya fi gashi tauri kamar sau 50, amma gashi ne ke cin nasara a kansa cikin 'yan kwanaki. Mutane sun daɗe suna zaton bakin yana cinyewa ne a hankali, kamar yadda dunduniyar takalmi ke cinyewa. A shekarar 2020 wasu masana ƙarfe a jami'ar MIT ta Amurka suka sa reza da gashi a cikin na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa sau dubbai, suka kalli yankan yana faruwa. Abin da suka gani daban ne. Bakin bai cinye sosai ba, ɓantarewa yake yi. Wato ƙananan gutsattsari ne ke ɓallewa daga jikinsa nan da can, sai ya yi giɓi kamar bakin yaro mai famfara.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfe ba abu ɗaya ba ne sumul kamar yadda ido ke nuna mana. A cikinsa akwai wurare masu tauri da wurare masu ɗan taushi, suna maƙwabtaka da juna. Idan silin gashi ya tsaya cak, reza ta same shi kai tsaye, sai ta yanke shi ba tare da ta ji rauni ba. Amma idan gashin ya lanƙwashe, ya sadu da bakin a karkace, sai ya tura siririn bakin zuwa gefe. In an yi rashin sa'a wurin da ya tura mai rauni ne, sai ya tsage. Tsaga kuwa, da zarar ta fara, ba ta komawa baya. Kowane gashi da ya biyo ta wurin ƙara buɗa ta yake yi, har gutsuren ya fita.

Yanzu ka ga amfanin ruwan wanzami. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai. Amma gashi yana shan ruwa, ya kumbura, ya yi laushi. Idan ya jiƙa na minti biyu zuwa uku, ƙarfin da ake buƙata a yanke shi yana raguwa sosai. Gashin da ya yi laushi ba ya yi wa bakin reza gardama, saboda haka ba ya saurin ɓantare shi. Wanda ya ɗora reza a kan busasshen gemu yana cutar fatarsa, yana kuma kashe rezarsa tun a rana ta farko.

Abu na biyu da ke dakusar da ita shi ne gogewar sinadarin nan mai santsi. Yawancin daɗin da kake ji a sabuwar reza daga gare shi yake. Yana gogewa sannu a hankali, in ya tafi kuma ba ya dawowa. A lokacin ne za ka ji rezar ta fara jan gashi, ko da yake ƙarfen yana da sauran kaifi.

Na uku shi ne ruwan da aka bari a jikinta bayan aski. An ce ƙarfen ba ya saurin tsatsa, ba a ce ba ya tsatsa sam ba. Abin da ke kare shi wani sinadari ne da ake haɗawa a cikinsa, mai suna kuromiyam, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ido ba ya gani. Gishiri yana iya huda wannan riga, kuma akwai gishiri a cikin gumi, akwai shi a ruwan zartsi, wato ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗanɗanon gishiri-gishiri. Ko da tsatsa ba ta kama ba, idan ruwan ya bushe da kansa a kan bakin, yana barin wani farin ɓurɓushi, ya haɗu da busasshen sabulu da guntayen gashi, su toshe kaifin. Ɗalibin da ke zaune a Fatakwal ko Kalaba ko Legas, inda iska take da laima kusan duk shekara, ya fi na Sakkwato buƙatar kula da wannan. A arewa, lokacin hunturu, abu yana bushewa kafin ka juya. A kudu kuwa reza tana iya kwana da ruwa a ƙarƙashin murfinta har ta wayi gari.

Askin kansa

Kayan da kake buƙata ba su da yawa: aska mai kariya, da reza, da ruwan ɗumi, da sabulu mai kumfa, da tawul mai tsabta. In kana da buroshin aski, madalla, domin yana tayar da kumfa, yana kuma ɗaga gashin da ya kwanta. In babu, tafin hannu ya isa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wanka, sa'ad da gashi ya riga ya sha ruwa. In ba haka ba, wanke fuskarka da sabulu domin maiƙon jiki ya fita, don maiƙo yana hana ruwa shiga gashi. Sannan ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ka ɗora a wurin na 'yan mintoci. Ruwan ɗumi aka ce, ba tafasasshe ba. Bayan haka sai ka shafa kumfa. Aikin kumfa biyu ne: tana riƙe ruwa a jikin gashin domin kada ya bushe kafin ka iso wurin, tana kuma sa reza ta zame a kan fata. Kumfa mai kyau tana da laima da santsi. Wadda ta bushe ta fara farfashewa ba ta da amfani, sai ka ƙara mata ruwa.

Kafin ka fara, sai ka san inda gashinka ya dosa. Shafa fuskarka da yatsa. Ta wani gefen za ka ji sumul, ta ɗaya gefen kuma za ka ji kaushi. Gefen da ka ji sumul, nan gashin ya kwanta. A kunci yakan dosa ƙasa. A ƙarƙashin haɓa da wuya kuwa ba shi da doka: na wani ya dosa gefe, na wani ya yi sama, na wani ma ya yi zagaye. Kowa da taswirar fuskarsa. Ka bi gashin inda ya kwanta, kada ka tare shi.

Wannan magana tana da nauyi musamman gare mu 'yan Afirka, don haka bari mu ɗan daɗe a kanta. Gashinmu murɗaɗɗe ne, yana fitowa a lanƙwashe. Idan aka yanke shi ƙasa ƙwarai, har ya koma ƙarƙashin fata, to lokacin da zai sake tsirowa tsininsa yana iya sokar fatar daga ciki, ko ya fito ya lanƙwaso ya sake shiga. Jiki sai ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Waɗannan su ne ƙurajen aski. In sun yi yawa sukan bar baƙaƙen tabo a wuya da ƙeya, wasu ma su zama tudu mai tauri wanda ba ya tafiya. Aska mai baki uku ko biyar a jere an yi ta ne domin bakin farko ya ɗan jawo gashin, na baya su yanke shi ƙasa-ƙasa. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan abin so ne. Ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa, sau da yawa ita ce ƙofar ƙuraje. A nan aska mai baki ɗaya ta fi, muddin ka bi gashi, ba ka ja fatarka ta yi tsam kamar ganga ba, ba ka kuma nace sai wurin ya yi sumul kamar tafin hannu ba. A ganina, fuska mai ɗan kaushi wadda ba ƙurji ta fi sumul ɗin yini ɗaya da ƙaiƙayin mako biyu. Wanda ƙurajensa suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, ya dakatar da reza, ya riƙa rage gashin da almakashi ko injin aski, ya kuma ga likitan fata.

Yanzu riƙon askar. Ɗora murfinta a kan kunci, mariƙin yana kallon waje. Sai ka riƙa sauko da mariƙin sannu a hankali har ka ji bakin ya fara taɓa gashi. Nan ne wurin. Masana suna cewa kusan digiri 30 ne tsakanin reza da fata, amma ba ka buƙatar ma'auni, kunnenka zai gaya maka, domin za ka ji wani ɗan sauti ƙaras-ƙaras idan tana yanka. In mariƙin ya sauko da yawa, sai rezar ta koma kankarar fata maimakon yankan gashi.

Kada ka danna. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi, musamman wanda ya saba da ta roba marar nauyi. Aska ta ƙarfe nauyinta ya ishe ta aiki. Ka riƙe ta sakwa-sakwa, ka ja gajere-gajere, kamar santimita biyu ko uku, ka ɗaga. Kada ka taɓa zame ta gefe, wato ta bi tsawon bakinta, domin haka ake yanka nama. Bayan ja biyu ko uku, juya ɗaya bakin, sannan ka ɗauraye cikin ruwa. Ta haka bakunan biyu za su gaji tare, ba ɗaya ya mutu ɗaya yana sabo ba. Wurin da ba kumfa, kada reza ta koma. In kana son ka sake bi, sake shafa kumfa tukuna.

Hausawa suna cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A fuska kuwa, wurin wahala shi ne haɓa da ƙarƙashin hanci da kan maƙogwaro. Ka bar su zuwa ƙarshe, domin gashin wurin ya fi kauri, gara ya daɗe cikin kumfa. Ko mai ajiye gemu, wanda gyaran fuska kawai yake yi, wato daidaita saje da share kunci da wuya, wannan ƙa'ida ta hau kansa.

Idan ka gama, wanke fuska da ruwan sanyi. In ka ɗan yanke, alif yana tsayar da jinin. Alif, wanda wasu ke kira alam, shi ne farin dutsen nan da ake jefawa cikin ruwa mai laka domin ya kwanta. Jiƙa shi ka shafa, zai yi zafi kaɗan, bayan minti ɗaya ka wanke. Daga nan sai ka shafa mai marar ƙamshi mai ƙarfi. Man kaɗanya kaɗan ya wadatar.

Bayan aski

A nan ne yawancin mutane suke kashe rezarsu. Sun gama, suna sauri, sai su ajiye askar a jiƙe a bakin tagar banɗaki, su fita. Abin da ya kamata ka yi ba ya cin minti ɗaya. Sassauta mariƙin kaɗan, ka ɗauraye askar sosai domin kumfa da guntayen gashi su fita daga ƙarƙashin murfi. Yarfe ruwan da ƙarfi. In kana da lokaci, kwance ta gaba ɗaya, ka riƙe rezar ta gajerun gefunanta waɗanda ba su da kaifi, ka ɗan danna ta a kan busasshen tawul, gaba da baya. Dannawa aka ce, ba gogewa ba. Wanzami yana goge askarsa domin ƙarfe ce mai kauri wadda zai sake wasawa gobe. Taka ba haka take ba. Gogewa tana kwashe sinadarin santsi, zaren tawul yana iya lanƙwasa bakin, yatsanka kuma yana cikin haɗari. Shi ya sa wasu kamfanoni suke rubuta gargaɗi a jikin takardar cewa kada a goge reza.

Wasu suna tsoma kan askar cikin sifirit, irin wanda ake saye a kantin magani. Dabara ce mai kyau, domin sifirit yana korar ruwa, shi kuma ya bushe nan da nan. Wasu kuma suna ɗiga mata ɗan man jarirai domin ya raba ƙarfen da iska mai laima. Wannan ma yana taimakawa, musamman da damina. Amma man girki bai dace ba, yana yin danƙo, ya yi wari. Sannan ka ajiye askar a ɗaki, a wuri busasshe, a tsaye ko a kwance yadda bakinta ba ya taɓa komai, kuma inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada ka buga kanta a jikin kwano ko bango don gashi ya fita. Kada kuma ka ara wa ƙaninka rezar ya fiƙe fensir sannan ka mayar da ita. Itacen fensir ɗaya ya isa ya gama da ita.

Za ka ji wasu dabaru a bakin mutane. Wani zai ce a goga reza a tafin hannu, wani ya ce a jikin wandon jins, wani ya ce a cikin kofin gilashi. Waɗannan suna da asali. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da reza ta yi wuyar samu a Turai, mutane sun riƙa murza ta a cikin kofin gilashi domin su ƙara mata kwana. Amma rezar wancan lokaci ba ta da sinadarin santsi da za a yi asararsa. A ta yanzu, gugar tana iya share datti, ta ɗan miƙar da bakin da ya lanƙwashe, amma ba ta iya mayar da gutsuren da ya riga ya ɓalle. Giɓi ya riga ya zama giɓi. Ribar kaɗan ce, tafin hannu kuwa ba shi da madadi.

To, sau nawa reza ɗaya za ta yi aski? Ba amsa ɗaya. Ga yawancin mutane tsakanin uku ne zuwa bakwai. Mai kaurin gemu zai samu ƙasa da haka, saurayin da gashinsa ya fara tsirowa zai samu fiye. Kada ka ƙirga kwanaki, ka saurari fatarka. Ranar da ka ji rezar tana jan gashi maimakon yankawa, ko ka ga kana komawa wuri ɗaya sau uku, ko ka kama kanka kana dannawa, to ta gama aikinta. In ka ga ɗigon tsatsa ko ɗaya ne, ba sai ka yi shawara ba. Dakusasshiyar reza ta fi mai kaifi yanka mutum, domin ita ce take sa a danna. Araha ba ta ado, in ji Hausawa: kuɗin maganin ƙuraje ya fi kuɗin fakitin reza.

Akwai kuma hanyar tsimi ɗaya wadda ba a yarda da ita ko kaɗan, wato mutum biyu su yi tarayya a reza ɗaya. A makarantar kwana wannan yakan faru, aboki ya ce ara mini. Kada ka ara, kada ka karɓa. Aski yana barin ƙananan raunuka da ido ba ya gani, jini kuma yana maƙalewa a bakin reza. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana bakwai ko fiye, ko da jinin ya bushe. Cutar hanta nau'in C da cuta mai karya garkuwar jiki su ma ta jini suke bi. Ɗauraya da ruwa ba ta kashe su. Wanzamai da masu shagon aski da yawa sun gane haka, shi ya sa yanzu za ka ga sun ɗauko sabuwar reza, sun karya ta biyu tun tana cikin takardarta, sun sa rabi a mariƙi. Haƙƙinka ne a buɗe ta a gaban idonka. In ba a yi ba, ka tambaya cikin ladabi, ko da mai askin sa'an mahaifinka ne. Kana iya cewa, "Baba, don Allah a sa mini sabuwa." Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba.

Saura inda za ka kai tsohuwar. A tsofaffin gidajen Amurka akwai wata 'yar tsaga a bayan akwatin madubin banɗaki, inda maigida yake zura rezar da ta ƙare, ta faɗa cikin bango. Har yau masu gyaran irin waɗannan gidaje suna fasa bango su tarar da tarin reza mai tsatsa na shekaru. Kai ba ka buƙatar bango. Amma kada ka jefa ta tsirara cikin shara, domin akwai yara masu wasa a bola, akwai masu kwasar shara da hannu, akwai awaki. Nemi gwangwanin madara wanda ba a buɗe bakinsa duka ba, ka yi masa tsaga a sama daidai faɗin reza, ka riƙa zurawa a ciki. Gwangwani ɗaya zai ɗauki rezar shekaru. Idan ya cika, ka toshe tsagar, ka ba masu sayen tsohon ƙarfe, ka kuma gaya musu abin da ke ciki.